Asubar da Malam Aƙilu ya makara

Malam Aƙilu mijin yayata Baraka ne. Shekara ashirin da shida ya yi yana ladanci a masallacin unguwarsu, can ƙarshen garin Rogo inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Da rana ɗinkin hula yake yi a ƙofar gida, amma ba wanda ya san shi da hula, da murya aka san shi. Ni kuwa sunana Zubair, mai hoto ne a Ƙaraye, kuma ina da hannu dumu-dumu a abin da ya same shi. Shi ya sa har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Abin da ya bambanta shi da sauran ladanai shi ne bai yarda da agogo shi kaɗai ba. Yana saita ƙararrawar waya, amma ko ta buga sai ya fita ya dubi gabas da idonsa kafin ya taɓa lasifika, kamar yadda mahaifinsa ya koya masa. Mutanen unguwar sun san haka. Da azumi za su ji masallatan cikin gari suna ta kiran asuba, su ci gaba da shan kununsu hankali kwance, suna cewa waɗancan gaggawa gare su, sai Aƙilu ya kira. Tsofaffin mata ma ko agogon ba su da shi, muryarsa ce agogonsu.

Wata shekara ya je Kano ya dawo da tsohuwar na'urar hangen nesa daga wajen masu gwanjo, doguwa kamar bututun ban ruwa, da ƙafafunta uku. Don duban jinjirin wata ya saya. Ran nan ya juya ta kan wani tauraro mai ɗan rawaya, sai ya ga ƙwallo da zobe kewaye da shi. Ya tambayi wani malamin sakandare, aka ce masa ai Zuhal ke nan, duniya ce guda. Daga ranar Malam bai sake samun sukuni ba. Ya kira Yaya Baraka ta leƙa, ta ce ita duhu kawai take gani, kuma miyarta na kan wuta. Ya gaya wa abokan zamansa, suka yi masa dariya. Shi ne ya hau mota ya same ni a shago.

"Zubairu, gani ya kori ji. Hotonsa nake so. Wace kyamara zan nema?"

"Malam, ango ne ko amarya?"

"Ka raina ni ko? Zan gaya wa yayarka."

Da na ce masa ban sani ba, da na huta. Amma mai hoto bai iya cewa bai sani ba. Na zaɓa masa irin wadda nake zuwa biki da ita, babba mai nauyi, har da filasha. A tunanina, abin da ya fi girma shi zai fi gani. Malam ya rabu da tunkiyarsa ya sayi kyamarar. Sati biyu yana fama, abin da yake samu farin ɗigo ne a cikin baƙi. Da muka ɗaura ta a bakin na'urar kuwa, nauyinta ya rinjayi bututun, ya riƙa sunkuyawa ƙasa. Filashar da na yaba masa ko bishiyar da ke bayan gida ba ta kaiwa, balle sama.

Kunya ta sa na zauna na yi binciken da ya kamata in yi tun farko. Ashe irin wannan hoton ba ya son babbar kyamara. Ƙarama yake so, mara nauyi, wadda za a rage mata haske, ta ɗauki bidiyo na ɗan lokaci. Iska ce ke sa tauraron rawa, to a cikin ɗaruruwan hotunan da ke cikin bidiyon akwai 'yan kaɗan da iskar ta lafa. Su ake tsincewa a kwamfuta a haɗa su wuri guda. A taƙaice wayar da ke aljihunsa ta fi abin da na sa ya saya. Na sa maƙeri ya yi mana mariƙi na ɗaura wayar a bakin na'urar, na kai masa. Bai yi mini gori ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi ciwo.

Ranar na ba shi shawara biyu. Na ce in zai ɗauka ya kashe duk wata ƙararrawa ta wayar, don motsi kaɗan ya isa ya ɓata aikin. Na ce kuma ya lulluɓe kansa da wayar da baƙin zane, yadda zai ga abin da ke fuskarta sosai ya saita.

Kafin nan ƙananan maganganu sun fara yawo. A wurinmu in aka ga mutum yana bin taurari, ba kimiyya ake kawowa a rai ba. Wata mata ta yi sallama a gidan ta ce a duba mata tauraron ɗanta, ko tafiyar da zai yi Kudu akwai alheri. Malam ya sallame ta da nasiha, ya ce shi ba ya duba, amma ta fita tana cewa rowa ce. Maganar ta kai kunnen dattawan masallaci. Liman, Malam Abdulsalami, ya ja shi gefe ya ce, "Ni na san ka, amma ladani ba ya zama abin zargi. Ka yi hattara." Malam Aƙilu ya ce da ya samu hoto ɗaya mai kyau ya nuna musu, zai ajiye na'urar.

Azumin shekarar ya faɗo cikin bazara, kuma Zuhal a gabas yake fitowa gab da asuba. Matsalar ita ce in yana ƙasa-ƙasa ba ya fita, zafin da ke tashi daga ƙasa yana dama shi. Sai ya ɗago sama yake tsayawa cak, kuma lokacin ɗagowarsa shi ne lokacin ketowar alfijir. Malam yakan yi kiran farko ya tashi mutane sahur, ya zagaya filin da ke bayan masallaci inda ya kafa na'urar, ya gwada sa'arsa, sannan ya dawo ya yi kiran asuba.

Ran sha tara ga wata na kwana a Rogo. Na tashi sahur a zaure, na ci, na sha ruwa, na ƙara sha. Masallatan cikin gari suka kira suka gama. Yaya Baraka ta leƙo ta miƙo mini ragowar kunu, ta ce in shanye, Malam bai kira ba tukuna. Na shanye. Da kiran ya zo, sai na ji yana haki a tsakanin kalmomi. Na fito na dubi gabas, sai na ga haske ya riga ya shimfiɗu.

Na tare shi a ƙofar masallaci kafin a tayar da salla. Baƙin zanen yana kafaɗarsa.

"Minti goma sha huɗu, Zubairu. Iska ta kwanta yau, ban taɓa ganinsa haka ba. Na ce bari in ƙara ɗauka ɗaya. Da na yaye zanen sai na ga gari ya yi haske."

Na riƙe hannunsa na yi ƙasa da murya. "Malam, ka yi shiru. Wallahi ba wanda ya lura. Kowa na cikin ɗaki."

"Kai ma ka ci?"

"Na ci."

"To ka gani."

Da aka sallame ya miƙe a sahun gaba. Ya ce jama'a su yi haƙuri su saurare shi. Ya ce ya makara da kira, kuma ba barci ne ya ɗauke shi ba, ba ciwo ba ne, hoton tauraro ya tsaya ɗauka. Duk wanda ya ci ko ya sha yana jiran muryarsa, to bayan alfijir ya ci, a gaya wa mata a gida. Liman ya ce kowa ya kame bakinsa yau, kuma wanda abin ya shafa zai rama kwana ɗaya bayan Salla.

Na ji haushinsa ranar, ba zan ɓoye ba. Na ji haushin kaina fiye da haka. Wani dattijo ya fita yana cewa uwarsa mai shekara tamanin, da kyar take kai azumin, yanzu an ƙara mata kwana saboda wasan yara. Waɗanda dama suke zargin duba kuwa suka samu abin da suke nema. Da la'asar dattawa suka zauna, bayan sallar asham Liman ya zo gida da kansa. Ya ce ba wanda ya ce Malam maƙaryaci ne, gaskiyarsa ce ma ta fito da maganar, amma zukata sun riga sun yi rauni, kuma azumin mutane ba abin gwaji ba ne. Daga gobe Mu'az mai shayi zai riƙa kira. Malam ya ciro makullin ɗakin lasifika daga aljihu ya ba shi hannu biyu.

Bidiyon yana wayarsa, na kwashe na tafi da shi Ƙaraye ba tare da ya ce in yi ba. Na tsince na haɗa. Zuhal ya fito tas, da zobensa, har da siririn duhun da ke tsakanin zoben da ƙwallon. A duk shekarun da na yi ina sana'a ban taɓa fitar da hoton da ya kai shi ba. Na wanke shi babba na kai masa, ina tunanin ko zai nuna wa dattawa. Ya duba ya ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya yi shi." Ya miƙo mini, ya ce in ajiye a shago, ya ci gaba da ɗinkin hularsa.

Yaya Baraka ce ta raka ni zaure. Na tambaye ta yadda yake, ta ce yana cin abinci, yana zuwa masallaci, ba ya yi wa kowa maganar. Sai ta tsaya tana murza bakin mayafinta.

"Asubar farko ce ban so ba," in ji ta. "Ya tashi kamar kullum ya yi alwala, ya tsaya tsakar gida. Mu'az ya fara kira, Malam yana amsawa. Ka san shekara ashirin da shida shi ake amsa wa. Da aka zo Hayya alas salati, maimakon ya ce La haula, sai ya ɗaga murya ya ja ta, har maƙwabta suka ji. Bai kai ƙarshe ba ya kama bakinsa da hannu."

"Sai me ya ce?"

"Ya juyo ya ce, Baraka, me ake cewa a nan? Ni na tuna masa."