Bikin da Gwaggo Ta Yi wa Itacen Ƙorai

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare na fara bin Gwaggo, yayar babana, zuwa jami'a ranar Asabar. Shara take yi a can. Ni kuwa sai in zauna a kan dakali da littafina, ba na magana da kowa, sai kallo.

A tsakiyar shataletalen gaban ɗakin karatu akwai wani itace na ƙarfe. Rassansa na ɗauke da ƙorai na ƙarfe a kife, kowace an huda mata ƙananan ramuka irin zanen ƙwaryar fura. A da akwai ƙwan lantarki a cikin kowace, in an kunna bayan magariba sai zanen ya zubo ƙasa. Ni ban taɓa gani ba. Abin da na tarar shi ne tsatsa, da wayoyi suna reto, da gidan rina a ƙwaryar ƙasa.

Wani malamin zane ne ya tsara shi, amma mijin Gwaggo, mai walda, shi ya huda ramukan ɗaya bayan ɗaya. Ya rasu ina goye, ba su kuma haihu ba. Na lura duk lokacin da sharar ta kawo ta gindin itacen, tsintsiyarta takan rage sauri.

Wata Asabar muka tarar da takarda a manne: in ba a gyara itacen ba kafin bikin yaye ɗalibai, za a cire shi a sayar wa 'yan gwangwan. Wasu ɗalibai suka fara neman taimako, suna yawo da kwali. Bayan makonni shugabarsu, wata doguwa mai tabarau, ta ce wa Gwaggo, "Mama, wallahi ko batir ba zai saya ba."

A unguwarmu, in mace tana suna ko aurar da ɗiya, ƙawayenta sukan kawo mata biki, in nasu ya zo ita ma ta mayar da ƙari. Gwaggo ta fi shekara ashirin tana kai biki gida-gida, ba ta taɓa karɓa ba. Kowa ya san sai ranar aurena za ta karɓa, tunda ni ce 'yar ɗakinta. Muna cikin a-daidaita-sahu za mu koma Kambarawa ta ce, "In na karɓa yanzu don itacen nan, naki babu. Kin yarda?" Na gyaɗa kai, ina kallon yatsun ƙafata.

Ta sayo goro da alawa a Babbar Kasuwa ta fara rabon gayyata, ina riƙe mata leda. Maƙwabciyarmu, wata Hajiya mai sayar da atamfa, ta juya goron a hannu.

"Wa za a aurar? Wannan da ke ɓuya bayan labule in an yi sallama?"

"Ɗiyata ta jami'a."

"Ɗiyar ƙarfe? To wane ne angon, mai gwangwan?"

"Daga hannunshi nake son tserar da ita, Hajiya. Sau huɗu na shigo gidan nan da biki, ban taɓa tambayar ko amaryar na da kyau ba."

Hajiya ta yi dariya har ta riƙe ƙofa. Wasu kam sun tura baki, wasu ba su zo ba.

Ranar, bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarmi a gefen shataletalen. Mata suka zo da anko, kowace ta ɗaga zanen da aka rufe fantekar biki da shi ta sa nata kuɗin. Ɗalibai suka tsaya suna ɗauka da waya. Wani babban malami ya ajiye motarsa, ya zo ya durƙusa ya gaishe da matar da kullum yake wucewa tana shara. Daga hotunan nan tsofaffin ɗalibai suka ji labari, suka cika sauran.

Da masu gyara suka zo, ɗayansu ya ce a faɗaɗa ramukan don haske ya ƙaru. Gwaggo ta jingine tsintsiya ta zauna a gindin tsani, ba ta tashi ba sai da ya ajiye na'urarsa.

An kunna shi ana idar da sallar magariba. Kowa ya ɗaga kai sama, har Hajiya, wadda ta dafa ni ta ce, "Naki kuma mu za mu yi, 'yar labule." Gwaggo kuwa ƙasa take kallo. Zanen ya bazu a kan kwalta kamar an shanya ƙorai. Ta taka a hankali ta shiga ciki, ta kira ni, ta nuna mini wani ɗigon haske da ya fita daga layin 'yan'uwansa.

"Nan hannunshi ya goce," ta ce. "Na kawo mashi fura ne, na yi mashi magana."

Ta miƙa tafin hannunta, ɗigon ya sauka a kai.