Sun Soke Littafin Malama Esnart

Ƙarfe shida da rabi Malama Esnart Chisale take sauka daga keken haya a ƙofar kwalejinmu ta horar da ma'aikatan jin daɗin jama'a a Zomba, rungume da buhun littattafan ɗalibai. Shekara ashirin da bakwai ke nan. Dokarta ɗaya ce: duk wanda ya shiga gidan mutane da sunan aiki, ya dawo ya rubuta a littafinsa abin da ya gani, sannan abin da ya ji a ransa. Shafi-shafi take karantawa, tana gutsurar dafaffen rogo.

Ranar Juma'a aka sallame ta da kwalbar lemo da jawabin minti uku. Sabon shugaban kwalejin ko sunanta bai faɗa daidai ba. Nan take ya sanar an soke littafin, wai ɓata lokaci ne, za a koma takardar cike gurbi da e ko a'a. Har da masu tafi! Raina ya ɓaci, kuma har yau ban huce ba, don na san abin da littafin nan ya hana ni aikatawa.

Ina ɗalibi aka tura ni gidan wata tsohuwa, Nambewe, mai riƙon jikarta marainiya, Takondwa. Na tarar da awaki uku suna kwana ɗaki ɗaya da yarinyar. Ban zauna ba. Na cika takardar neman a kai ta gidan marayu, na sa hannu, ina jin kaina gwani.

Malama ta ajiye takardar gefe, ta buɗe littafina.

"Limbani, zo nan. A takarda ka ce gidan bai dace da yaro ba. A nan kuma ka ce warin ya tuna maka ɗakin uwarka a Ntcheu. To wa kake son fitarwa, yarinyar ko kai?"

"Malama, awaki fa..."

"Naku awakin a otal suke kwana? Ka tambayi tsohuwar dalili?"

Ban tambaya ba. Ta sa na koma, ta ce kada ta ga idona sai na ci tuwon gidan.

"Au, mai toshe hanci ya dawo?" in ji Nambewe. "Zauna, ɗan nan, tabarmar ba ta cizo. Ɓarayi sun kwashe na maƙwabta kaf. Waɗannan ukun su ne karatun Takondwa, in bar su waje?"

Na ci tuwon, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malama, ke ce kika koya mana cewa mai shiga gidan talaka da takarda ya fara bincikar kansa. Mun yi ta zaginki a ɓoye, muna ce miki mai tonon silili, kina ji kika share. Na gode, Allah ya saka miki.

Ku kuma da kuka tafa, wa zai tare ɗalibin baɗi in ya ɗauko kunyar gidansu ya ɗora wa wata tsohuwa? Takardar e ko a'a ba ta tambayar kowa komai. Duk wanda aka ba shi ɗalibi, ya saya masa littafi ko shugaba bai so ba, ya zauna ya karanta.

Takondwa tana ajin ƙarshe a sakandare, tana nan wurin kakarta. Takan gaishe ni har ƙasa a kasuwa. Ba ta san na taɓa sa hannu a ɗauke ta ba.