Setin Wutar Babur ɗin Kawu

Na yi yawo a duniyar nan daidai gwargwado, daga Ikko har Agadas, na kuma ga wauta kala-kala. Amma in dai ina numfashi, ba na jin zan manta da wadda aka tafka a ƙofar gidan kawuna, ranar da aka yi wa tsohon babur ɗinsa taron dangi.

Babur ne irin na da, baƙi, mai nauyin tsiya, ya girmi duk 'ya'yan gidan. Sai ya fara gardama: a buga a buga ya ƙi tashi, in ya tashi kuma ko gangare sai an lallaɓa shi. 'Ya'yan suka sa Kawu a gaba, wai a sayar wa 'yan gwangwan, su haɗa masa sabo. Ya ce sai dai bayan ransa. Da aka ja aka ja, aka tsaya a kan magana ɗaya: in ya kai shi kasuwar Ɗambatta ya dawo da shi, an bar masa abinsa. In ya mace a hanya, gwangwan.

Bakaniken da aka kira, mijin 'yar Kawu ne. To nan fa aka fara ɓata. Tun daga bakin rijiya ya tuɓe takalmi, ya zo ya durƙusa yana gaisuwa kamar mai neman gafara. Kawu ya amsa yana kallon gonar gero, kun dai san sha'anin surukai. Ni da na dawo daga tafiya ba ni da aikin yi, sai na kifa turmi na zauna kallo.

Ya buɗe murfin injin, ya goge fulogi, sannan ya ce da ni, don ba zai iya ce wa surukinsa ba, "Yaya, wutarsa ce ke makara. Sai fistin ya wuce take zuwa." Ya juya maganadisun da hannu har layin da ke jikinsa ya yi daidai da tsagar da ke jikin injin. Ya saƙala 'yar siririyar takarda a bakin kwantak, wato 'yan ƙarafan da ke sakin wutar, ya sassauta sukurori, yana matsa farantin da kwantak ɗin ke kai kaɗan-kaɗan har takardar ta zame daidai kan layin, ya ɗaure. Bugu ɗaya babur ya tashi, yana wani gurnani a hankali kamar mage ta ƙoshi.

Da a nan aka tsaya, da yau ba ni da labari.

Sai ga Alhaji, aminin Kawu, wani tsohon direba da ya taɓa jan babbar mota zuwa Kudu zamanin da ba a haifi rabinmu ba, kuma har yau bai sauko daga cikinta ba. Ya karkata kai ya saurara, ya kalli takardar da ke hannun bakanike, ya taɓe baki.

"Wannan ai barci yake yi. Wa ya yi setin?"

"Yaron nan ne," in ji Kawu.

"Da takarda? Inji kuma sai ka ce mai rubutun sha? Mu da kunne muke yi. Kai, ƙara masa wuta!"

Bakanike ya sunkuyar da kai. "To, Alhaji."

Ya matsa farantin ɗan kaɗan, don dai a rabu lafiya. Ƙara ta ɗaga. Alhaji ya ce a ƙara. Kafin ka ce me, majalisa ta cika. Mai shayi ya ce shi ma ya ji kamar da saura. Wani da ko keke bai mallaka ba ya ce a garinsu har ƙarshe ake murɗawa. Mutanen da ba su san inda ake zuba mai ba, ranar kowa ya zama injiniya. Alhaji ya karɓe sukudireban da kansa ya murɗa, babur ya kama ihu, tumakin maƙwabta suka tsinke igiya.

"Yauwa! Ka ji namiji!"

Na ce, "Kawu, da dai an bar mai aiki da aikinsa."

Kawu ya ce, "Kai tafi can, sarkin yawo. Ban da kujerar mota me ka sani?"

Aka yi dariya, ni ma na taya su. Na ja bakaniken gefe na ce, "Kai, wannan ihun lafiya ne?"

"Wace lafiya, Yaya? Yanzu wutar riga fistin take yi. Zafi zai ɗauka ya cinye kansa."

"To ka faɗa mana!"

Ya zaro ido kamar na ce ya zagi liman. "A gaban Baba in ce amininsa bai iya ba? Da wane bakin? Bari dai, gobe da sassafe zan zagayo in mayar da shi, ba wanda zai sani."

Dabarar kenan fa. Shi a ganinsa ya haɗa ladabi da hikima. Abin da bai lissafa ba, Kawu a ɗakinsa ya kwana da babur, don kada 'ya'yan su yi masa maƙarƙashiya. Ana idar da sallar asuba ya fito da shi. Bugun farko kik, ƙarfen da ake bugawa, ya dawo ya daki ƙafarsa, takalmi ya tashi sama. Wannan kaɗai ya isa gargaɗi, amma Alhaji ya ce ƙarfi ne ya yi masa yawa. Aka tura, ya tashi. Bakanike ya iso da sufana a aljihu, sai ƙura ya tarar.

Da hantsi muka hango amalanken shanu yana tahowa ta tsakiyar gonaki. Babur a kwance a kai, Kawu a gefensa ya dafa tankin, ƙafa ta kumbura. Ko rabin hanya bai kai ba injin ya fara ƙwanƙwasa, ya yi hayaƙi, ya yi shiru. Da aka buɗe, fistin ya huje.

Kun san abin da Alhaji ya ce? "Ai tun da na ga takardar nan na san za a rina." Majalisa ta gyaɗa kai, har da mai shayi. Na juya na kalli bakanike, na ce a raina yau dai za a ji gaskiya. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya huci zuciyar Baba."

Ranar da 'yan gwangwan suka zo, Kawu bai fito ba. Daga soro ya ji suna jan abinsa a ƙasa. Sabon da aka sayo masa kuwa jikoki ne ke hawa, shi ko ɗora ƙafa bai taɓa yi ba.

Abin da na ɗauka a wannan rana shi ne, kunya ado ce a wajen gaisuwa, amma ban da wajen aiki. In ka san gaskiyar abu, tuɓe takalminka, durƙusa har ƙasa in ka ga dama, sannan ka buɗe baki ka ce a'a. Dattijo zai yi fushi ya huce. Abin da shirunka ya ƙone masa kuwa ba ya dawowa.