Saƙon da Ya Fita ta Ƙofata

Tsufa ya kwashe min abubuwa da yawa daga kai, amma akwai rana guda a Dutse da ko zai kwashe komai ba zai taɓa ta ba. Ni ban yi boko ba, ban san alif na Turawa ba, amma ku tambayi duk unguwarmu, ba a taɓa zaman biki an rasa bakin magana ina wurin ba. To wannan bakin nawa ne ya tona min asiri, kuma har gobe ina gode wa Allah.

Shekarun da aka ƙaddamar da shari'a ne. Ɗana na fari yana Sudan yana karatun likita. Mu asalinmu masu shanu ne daga wajen Kiyawa, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Haka aka yi min, haka na yi, ban kuma ga aibunsa ba.

A gidan da ke jikin namu akwai wata 'yar Filato, Kirista, mai buga takardu a sakatariya. Lokacin da 'yan'uwanta suka yi ta haɗa kaya suna komawa gida saboda tsoro, ni na riƙe ta, na ce wanda zai taɓa ta sai ya fara da ni. Da yamma takan zauna a wani shagon kwamfuta kusa da kasuwa. Kafin yaranmu su tafi, kowa ya buɗe wa uwarsa adireshin imel: nawa, na Hajiya maƙwabciyata da autanta yake makaranta ɗaya da ɗana, da na wata mai 'ya a Makka. Duk cikinmu ba mai iya buɗewa. Sai yarinyar nan ta haɗa su duka suna zuba a akwatin saƙonta. Ta ce min kamar gida ne mai ƙofofi da yawa amma tsakar gida ɗaya: saƙo ya shigo ta kowace ƙofa, nan zai same ta, in za ta mayar da amsa kuma sai ta fitar da ita ta ƙofar mai ita. Na ce ai mun saba, shanu kowace da mai ita, amma a ƙwarya ɗaya ake tatsa.

Ran Asabar muke zuwa, mu shimfiɗa tabarma a bayanta, tana karantowa muna faɗin amsa. Wata Asabar ta karanto min na ɗana. Ya gama karatu, wani asibiti a can ya ba shi aiki. Ya ce tunda kakarsa ta rasu bai san ko akwai mai jiransa a gida ba, idan ba ni da buƙatarsa zai karɓa ya zauna.

Fuskata ba ta motsa ba. Na ce ta rubuta masa Allah ya yi albarka, ya yi abin da ya ga ya fi masa.

Ta ɗago hannu daga kan kwamfutar. "Mama, shi ke nan?"

Na ce shi ke nan, me ya rage?

Sai aka zo kan Hajiya. Ita baiwar Allah magana ba ta zauna mata, kullum sai ta ce yana lafiya, ya ci abinci, ta tsaya. Ranar ta zungure ni ta ce ni mai baki in tsara mata wanda zai sa autan ya yi kewar gida. Na gyara zama. Ɗan wata ne ai, babu kunya a tsakanina da shi.

Na ce a rubuta: ɗana, tun da ka tafi ban dama fura ba tare da na rage naka a ƙwarya ba, sai in tuna in ba yara. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai na leƙa. Karsanar da aka ba ka ran sunanka jikokinta sun cika garke, ban bari an sayar da ko ɗaya ba. Ranar da maraƙi ya shure ka a ƙwauri, ina bayan danga ina kallo ana ɗaure maka, na ciji gefen mayafina don kada a ji ni. Ka dawo, idona ya gaji da hanya.

Hajiya ta ce, "Ke, autana ba shi da tabo a ƙwauri, kuma ko akuya ba mu da ita."

Na ce ta yi min shiru, tsara magana nake yi. 'Yar Filato ta dube ni ta gefen ido, ta ci gaba da dannawa.

Ba a kai ga wata Asabar ba sai ga ta har tsakar gidana da takarda a hannu, ina tankaɗe. Ta durƙusa ta karanta min saƙon ɗana: Inna, ban san kin ga ranar maraƙin nan ba. Na mayar musu da aikinsu, ina nan tafe.

Rariyar ta faɗi daga hannuna. Kunya ta rufe ni, na hau ta da faɗa, na ce ta zubar min da mutunci a gaban ɗan fari, wa ya aike ta?

Ta sunkuyar da kai, amma ina ganin bakinta yana son yin dariya. "Mama, akwati ɗaya ne, ƙofofi da yawa. Hannuna ne ya zame."

Hannun da yake buga takardun gwamnati bai taɓa zamewa ba sai ranar. Shi kuwa autan Hajiya, wanda ya samu nawa saƙon na Allah ya yi albarka ka yi abin da ka ga ya fi, sai ya aiko yana tambayar laifin da ya yi wa uwarsa. Hajiya ta daɗe tana min gorin na cinye mata saƙo.

Da ɗana ya iso, ban tashi na tare shi ba, ban dubi fuskarsa ba. Na tura masa ƙwaryar fura, na juya gefe. Da ya zo alwalar la'asar sai ya zauna daidai inda zan gan shi, ya naɗe wandonsa har gwiwa, ya daɗe yana wanke ƙafar nan mai tabo. Ni ma na daɗe ina kallo.

Har yau ban kira sunansa ba, ba kuma zan kira ba. Amma na koyi cewa ɗa ba ya ganin abin da ke bayan danga, sai an faɗa masa. In bakinki ba zai iya ba, ki roƙi Allah ya haɗa ki da maƙwabciyar da hannunta zai zame.