Inda Abokina Ya Bar Ni Na Kafa Bukka

Shekarun baya abokina ya cuce ni. Yana ji yana gani ya bar ni na kafa bukka a inda ya san ruwa zai cinye ta.

Ina ɗan shekara shida mahaifina ya kawo ni Madina. Karatu ban yi nisa ba, gyaran na'urar sanyaya ɗaki na kama a wata warsha, wato shagon gyara, a unguwar Sultana har furfura ta fito mini. Da matata ta rasu muka kai ta maƙabartar Baƙi'a, sai gidan ya fi ƙarfina. Na gaji da kafili, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, na gaji da sabunta iƙama, takardar izinin zama, na gaji da masu ce mini in yi haƙuri. Na ce zan tafi inda ba lantarki, ba waya, ba mai buga mini ƙofa.

Abokin nan nawa ɗan masuntan Yauri ne. Karatu ya kawo shi jami'a, ya ƙare a sayar da dabino. Shi ya saba ba ni labarin tsibiran da ke tsakiyar kogi a wajensu. Ya yi ta hana ni, na ƙi ji. Da ya ga da gaske nake, ya ce zai raka ni, amma sai na yanki bizar fita da dawowa. Na yanka don ya ƙyale ni.

Mun isa Yauri ruwa ya janye. Kwana uku muna yawo a kwalekwale, ni ina riƙe da gefensa hannu biyu kamar tsohuwa a jirgin sama. A wani ƙaramin tsibiri na ga fili mai laushin yashi a ƙarƙashin wata babbar bishiya, taku goma ka isa ruwa. Wanda ya tashi a Madina, in ya ga ruwa da inuwa a wuri ɗaya, hankalinsa ya tafi. Na tambaye shi ya ya gani. Ya daɗe yana duban jikin bishiyar, sannan ya ce wuri ne mai kyau. Ya taya ni kafa bukka, ya koma Madina.

Wata uku na yi a wurin. Na shuka kuɓewa, na koyi jefa ƙugiya, kifin farko da na kama bai kai yatsana ba, haka na gasa shi na ci. A nan na fara iya ambaton sunan matata.

Sai ruwa ya fara hawa, kullum kamar tafin hannu. Ya ci kuɓewar, ya shigo murhu. Wani tsohon masunci da ya saba leƙo ni ya zo da kwalekwale ya ce in kwaso kayana. Ya nuna mini wani baƙin zane a jikin bishiyar, sama da kaina, ya ce nan ruwa yake kaiwa duk shekara, kuma duk wanda aka haifa a bakin kogin nan ya san haka. Ya ƙara da cewa abokina ne ya roƙe shi ya riƙa duba ni.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Da abokina ya nuna mini tudu, da ina can. Abin da na gane kawai shi ne mai ƙaunarka yana iya yi maka ƙarya yana kallon idonka.

Da na dawo Madina, daga filin jirgi ban je gida ba, shagonsa na nufa a unguwar Al-Sih. Bai musa ba. Ya ce ya san ruwan a hankali yake hawa, ba zai ci ni ba. Na ce ba wannan na tambaye shi ba.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Cikin waɗanda muka yi zaman Madina tare, ni da kai muka rage. In ka zauna can, wa zai sauke ni a kabari?"



Na ce, "Malam, ka cuce ni, kuma ban yafe ba tukuna. Amma ranar ni zan sauke ka, ba wanda zai riga ni. Matsa in zauna."