Ƙafar Inna a Hanyar Rusairis

Shekarar da Inna ta rasu na riga na haura arba'in, amma ina jin ƙanwata ta ce za ta yi ziyarar ƙafa a madadinta, sai na ɗaura tob ɗina, dogon mayafinmu na fita, kamar yarinyar da za a bari a gida. Duk bayan yankan dawa Inna takan bi ayarin ƙauyenmu na kusa da Suki, su bi gefen kogi da ƙafa har ƙubbar kabarin wani shehi a wajen Rusairis. Ni ban taɓa zuwa ba. Na gaya wa maigidana za ni in yi tunani a kan rayuwata. Ƙarya nake. Ba na so a ce ƙanwata ce ta gaji hanyar.

Ƙanwata ta kwashe fuskar Inna kaf, har wushiryar. Ni kuwa kamar a kasuwa aka tsinto ni. Duk ƙauyen Hausawan da muka sauka, kafin mu kai randunan da ake jera wa matafiya a gindin bishiya, mata sun riga sun yi kanta. Su rungume ta, su yi kuka a kafaɗarta, su ja ta zuwa gadon igiya mafi kyau. Ni a miƙo min ruwa a ce sannu baiwar Allah. A wani gida kusa da Abu Hujar har an tambaye ni ko maƙwabciyarsu ce ni. Na ce a'a, ni ce babba, da muryar da ta sa mai tambayar ta koma wajen murhu.

Kishi ya ci ni a hanyar nan, ba zan ɓoye ba. Mutane na zikiri, ni ina lura da wa aka fara zuba wa jabana, gahawarmu. Ita kuma ba ta ma san tana yi ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Sai ta yago kisra, gurasarmu ta dawa, ta ce, "Yaya, ci mana, kin rame." In ce na ƙoshi, cikina na kuka.

A zango na ƙarshe muka sauka gidan wata tsohuwa da idonta ya tafi. Inna ta sha ba mu labarinta: ba ta barin mai ziyara ya wuce sai ta wanke masa ƙafa da ruwan ɗumi ta shafa man riɗi. Na so in zille. Ƙafata faffaɗa ce, ga faso, ga babban yatsa ya karkace. Tun ina budurwa ko lalle ba na son a sa min saboda kar a kalle ta.

Ta kama ta dama, ta bi diddigen da hannu, ta kai kan yatsan, sai ta tsaya cak.

"Ya salam! Wagga ƙafa na san ta. Ke ɗiyatta ta?"

Na ce, "Ni ce, Iya."

"Awo. Ko fason nan nata na. Shekara da shekaru ina shahwa mishi mai, bai taɓa jin magana ba."

Ta kifa goshinta a gwiwata tana kuka, ni ma na fashe. Da aka zo kan ƙanwata, ta shafa, ta ce ƙafa mai kyau, ta dangin uba ce, ta nemi a miƙo mata tsumma. Ƙanwata ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya kamata in ji tausayinta. Daɗi na ji, har cikin ƙashina.

Da safe na cusa takalmana a jaka. Ƙasar nan baƙa mai tsagewa ta yi zafi tun hantsi, ga ƙaya, ƙanwata na ta faɗin, "Yaya, kin haukace ne?" Na ce alwashi na yi. Haka na taka har ƙubbar, na ɗan ɗage tob ɗina sama da idon sawu.

A bakin ƙofa wasu mata da suka san Inna suka hango mu. Suka taso da gudu, suka wuce ni, ɗaya har ta take min yatsan, suka rungume ƙanwata. Babu wadda ta dubi ƙasa.