Layi Huɗu na Ajami da Na Tsallake

Edita, ina roƙon a sakaya sunana. Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da gama digiri a fannin lissafi ba, ina zaune da mahaifiyata a ƙasar waje, a unguwar Morrisania, ina jiran amsar wuraren da na nemi aiki. Ni mace ce mai tsoron kuskure, ko saƙon waya sai na karanta shi sau uku kafin in tura. Ina jin wannan halin ne ya sa aka yarda da ni.

Kawuna, yayan mahaifiyata, yana da wani wasa da ya shafe sama da shekara ashirin yana yi da abokansa duk Lahadi bayan la'asar. Wasan labari ne na kan tebur. Shi ke ba da labarin, sauran kowa da jaruminsa a rubuce a takarda, in za a yi faɗa ko a tsallake rami sai a jefa ƙwayar lido mai fuska ashirin. Ba kuɗi a ciki. Ya koya ne daga wasu tsofaffin littattafai da ya saya wajen mai baza kaya a Canal Street, daga baya ya riƙa rubuta nasa labaran, da dodanni da garuruwa irin na gida. Mutum uku suka rage masa: wani direban tasi, wani mai shagon turare, da wata mai aikin kula da tsofaffi da muke kira Anti. A da su huɗu ne. Na huɗun ƙanen Anti ne, ya rasu a haɗarin mota da daɗewa. Jaruminsa maharbi ne, kuma Kawu bai taɓa cewa maharbin ya mutu ba. Cewa ya yi ya ɓace a cikin kogo, aka bar maganar a nan.

Kawu ya rasu saura babi ɗaya labarin ya ƙare. Bayan an yi arba'in mai turare ya zo gaishe da mahaifiyata, ya ce suna so su ƙarasa, ko don su san inda marigayi yake son kai su. Matsalar ita ce tsofaffin dokokin wasan a kan Kawu suke, littattafan kuwa sun yayyage. Ni sababbin dokoki na sani, na koye su a jami'a. Sai aka miƙa mini littafinsa da yake rubuta labarin a ciki in mayar da babin ƙarshe kan sabon tsari.

Sati uku na yi a kai. Kowane dodo sai da na auna ƙarfinsa da na jaruman, na sake aunawa. Da na zo kan mai gadin ƙofar ƙarshe sai na tsaya, don ƙarfin da Kawu ya ba shi ya wuce hankali, kafin zagaye biyu zai gama da su ukun. Sabon tsari kuwa yana son faɗa ya zama daidai wa daida. Na ɗauka irin rashin awon tsohon tsari ne, sai na rage shi. Akwai kuma wata tsohuwar doka da ake fara jefa ƙwaya a ga ko abin da aka tarar zai karɓi mutane da lumana. Ban ga gurbinta ba, na cire ta, na sa ƙwaya ta nuna wanda ya fi sauri, shi ya fara duka. A gefen shafin akwai layi huɗu na ajami. Ban iya karanta ajami ba. Na ce wa kaina wataƙila addu'a ce. Na kuma ce in na tambayi su ukun zan ɓata musu ƙarshen labari, in na tambayi mahaifiyata zan tayar mata da kuka. Duka biyun akwai gaskiya a ciki, amma ina zargin babbar gaskiyar ita ce kunya nake ji a ce mai digiri ta kasa karanta rubutun kawunta.

Ranar Lahadin Anti ta zo da shinkafa da wake kamar yadda ta saba. Direba yana ta tsokanar mai turare, wai shekara ashirin jaruminsa boka yana laɓewa a bayan jarumar Anti, mai turare ya ce ai shi ya sa bokan yake da rai har yanzu, ba kamar wasu da suka canza jarumi sau biyar ba. Har na fara sakin jiki. Da suka isa ƙofar na karanta musu siffar mai gadin yadda Kawu ya rubuta da boko: dogo ne, fuskarsa rufe da ganye, da gorar ruwa a kafaɗa. Anti ta tambaye ni ko za ta iya yi masa sallama. Na duba takardata. Ƙwayar ta ba shi farawa, sai na ce ya riga ya saki kibiya. Aka yi faɗan, ya kuma tafi daidai yadda na auna. Jarumar Anti ce ta yi saran ƙarshe.

Direba ya tambayi abin da ke bayan ƙofar, na ce Kawu bai rubuta komai ba. Ya ce ba halin marigayi ba ne, in miƙo littafin. Ya ga ajamin, ya fara karantawa da ƙarfi, sai ya tsaya. Mai turare ya ce ya ƙarasa, sai ya karanta mana abin da Kawu ya rubuta a kan mai gadin.

"Ba mai iya masa, kada su gwada. Ba ya fara duka. In yayarsa ta yi sallama zai cire ganyen ya ba ta ruwa. A nan labarin ya ƙare."

Ba wanda ya yi mini faɗa. Na ce kuskurena ne, a koma baya a sake, ni zan gyara yanzu. Anti ta naɗe takardar jarumarta ta sa a jaka.

"'Yata, Kawunki ba ya ɗaga ƙwaya in ta faɗi. Da na ga gorar na ce shi ne. Da ya harbe ni sai na ce ba shi ba ne, don ƙanena bai taɓa fara dukan kowa ba."

Daga ranar ba su sake zama ba. Anti tana amsa gaisuwata da fara'a, har abincin Sallah tana aiko mana, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Shekaru Kawu ya yi yana tanadar mata wannan haɗuwar, ni kuwa na sa ta kashe ƙanenta da hannunta.

Ban ce sabon tsari ne da laifi ba, ban kuma ce kada a taɓa tsohon labari ba. Abin da nake ganin na koya shi ne, in ka tarar da abin da bai zauna daidai ba a aikin wanda ya riga ka, wataƙila da gangan ya ajiye shi haka, kuma a nan zuciyarsa take. Duk wanda aka ba irin wannan amanar, ina roƙonsa ya tambaya kafin ya gyara, ko da tambayar za ta tona jahilcinsa. Yanzu na iya ajami, mahaifiyata ce ta koya mini a wata biyu. Na bi littafin Kawu shafi-shafi ina neman wani abin da zan iya kai wa Anti. Layi huɗun nan ne kaɗai ya rubuta mata.